DAGA LAMBA HUƊU ZUWA LAMBA BIYU: Sauyin da Shehu Abdullahi ya karɓa, wanda da yawanmu za su ƙi

Waɗanda data ba ta ba su damar sauraren sautin ba, ga rubutun nan kamar yadda muka saba ɗora muku.

Yau maganar ƙwallo za mu yi. Amma ba ta wa ya ci wa ba, wannan kun riga kun gama musunta a gidan kallo. Tambaya ɗaya nake so mu duba: idan koci ya kira ka gefe ya ce daga yau ka bar lambar da ka saba bugawa, ka koma wata, mi za ka yi?

Na san amsar da yawancinmu za su bayar. Ka je kowane fili da yamma, Tudun Wada ne, Samaru ne, filin makaranta ne a Tsafe ko Bunguɗu, ka tara yara ka tambayi kowa lambarsa. Wannan tara, wancan goma, na kusa da shi bakwai ko sha ɗaya. Lamba biyu fa? Shiru. Raga fa? Sai a waiwaya a nemi wanda ya fi kowa ƙanƙanta ko wanda ya zo a makare. A wurinmu, a ce maka koma baya kamar an ce maka ba ka iya ba ne. Akwai masu cire riga su bar filin, akwai masu canza kulob saboda wannan kawai.

Kafin in zo kan ɗan gidanmu, bari in ɗan kai ku Amurka, don akwai wani wasa da wannan sauyin ya zama ruwan dare a cikinsa, kuma zai taimaka mana mu gane zancen.

Sunan wasan besbol. Ba mu buga shi a nan, don haka ga shi a taƙaice. Mutum ɗaya yana tsayawa a kan wani ɗan tudu ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani kuma yana tsaye da kulki a nisan kamar mita 18 yana jiran ya make ta. Bayan mai kulkin akwai wani a tsugune, sanye da kariyar fuska da ta ƙirji, aikinsa cafke ƙwallon idan mai kulki ya kuskure. Sauran 'yan wasa suna warwatse a fili suna jiran tare ta. Mai jifa shi ne ginshiƙin wasan, kuma manyansu suna jifan da ya wuce gudun kilomita 150 a awa ɗaya.

Akwai wani mai suna Kenley Jansen, ɗan tsibirin Curaçao, wanda ke ƙarƙashin masarautar Holan. An haife shi a 1987. Kulob ɗin Los Angeles Dodgers ya ɗauke shi a 2004 a matsayin mai cafka, wato wanda ke tsugune a baya. Shekara kusan biyar yana ƙananan rukunai. Matsalarsa ɗaya ce: idan layin duka ya zo kansa, kulkinsa ba ya samun ƙwallo yadda ake so, kuma a wasan nan mai cafka dole ya yi duka shi ma. Amma hannunsa na jifa, tirƙashi! Idan ɗan hamayya ya yi yunƙurin satar gudu, daga tsugunen nan yake harba ƙwallo ta riga shi isa. A 2009 masu horarwa suka ce masa ya ajiye kayan cafka ya hau tudu. Da farko bai so ba. Yana da shekara 21, ya ba wancan gurbin ƙuruciyarsa duka. Amma ya karɓa. A watan Yulin 2010 har ya fara jifa a babbar gasar ƙasar. Ya zama wanda ake kira a ƙarshen wasa ya tsare nasara idan tazarar maki kaɗan ce, ya ci kofin gasar da Dodgers a 2020, kuma a 2023 ya cika wasa 400 da ya rufe wa ƙungiyarsa da nasara.

Kafin shi an yi Trevor Hoffman. Cincinnati Reds suka ɗauke shi a 1989 yana tsaron fili, shi ma duka ya gagare shi, a 1991 aka mayar da shi mai jifa. Ya yi ritaya da wasa 601 da ya rufe, kuma a 2018 aka shigar da sunansa zauren gwarazan wasan.

Ku riƙe abu ɗaya daga labarin nan. Hannun da Jansen ya zama gwarzo da shi, shi ne dai hannun da yake da shi tun yana tsugune a baya. Ba a ɗaura masa sabo ba. Wani ne ya kalle shi ya ga cewa baiwar tana nan, gurbin ne bai dace da ita ba.

To, mu dawo gida.

Shehu Abdullahi, an haife shi a Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993. A lokacin Gusau da Tsafe da Bunguɗu duk jihar Sakkwato ne, don sai 1 ga Oktoba, 1996 aka yanke mana Zamfara. Saboda haka idan na ce ɗan gida, ba aron ɗa na yi ba. Irin filin da muke bugawa shi ya buga, irin ƙurar da muke sha ita ya sha.

Mafi yawan mutane sun fara saninsa ne a Kano Pillars, a zamanin da Sai Masu Gida ke cin kofin Firimiyar Najeriya a jere, 2012, 2013 da 2014. A lokacin an fi saninsa da tsakiya, mai tare hanya a gaban 'yan baya, abin da muke kira lamba huɗu. Wanda ya buga wannan gurbin ya san aikinsa: ka ƙwace, ka ɗaga kai, ka raba. Ido huɗu ake buƙata, don hari na zuwa maka ta gaba da baya da hagu da dama. Marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida a Afirka ta Kudu a farkon 2014, inda Najeriya ta zo ta uku. Masu shekaru irin nawa za su tuna wasan Maroko, da aka tafi hutu ana cinmu uku da nema, aka tashi huɗu da uku.

Daga nan ya fita waje. Qadsia ta Kuwait, sai União da Madeira ta Fotugal, sai Anorthosis ta Cyprus. Kun ga ba Madrid ba ce, ba Manchester ba ce. Hawa ne na tsani, mataki-mataki.

Yanzu ga inda maganarmu take. A tawagar ƙasa, tsakiya ta cika maƙil. Mikel Obi na nan, Ogenyi Onazi na nan, ga Wilfred Ndidi ya taso, ga Oghenekaro Etebo, ga John Ogu. Da Shehu ya kafe ya ce shi tsakiya ko oho, da wuya ya wuce benci, in ma an kira shi ke nan. Amma gefen dama na baya, lamba biyu, ana neman wanda zai riƙe shi.

A gasar Olamfik ta Rio a 2016, Samson Siasia ya yi amfani da shi a layin baya. Wannan ce tawagar da ta maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasa, ta kuma doke Japan biyar da huɗu. Ƙarshe suka ci Honduras uku da biyu suka ɗauko tagulla, lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samu a gasar gaba ɗaya. Da Gernot Rohr ya karɓi Super Eagles, sai ya zaunar da shi a lamba biyu.

Sai ranar 7 ga Oktoba, 2017, a Uyo. Najeriya da Zambiya, wasan neman gurbin kofin duniya. Wanda ya kalla ya san yadda zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Zambiya sun matsa mana, har ƙwallo suka jefa aka soke. Saura kamar kwata a tashi babu ci, Victor Moses ya riƙe ƙwallo a gefen dama, Shehu ya sheƙo ta bayansa, Moses ya tura masa. To a nan nake so ku lura. Da yawan masu buga lamba biyu idan sun kai wurin nan, rufe ido suke su ɗaga ta sama, in Allah ya sa wani ya sa kai, to. Shehu ya mayar da ita baya a ƙasa, wurin da Alex Iwobi ke shigowa. Iwobi ya buga, raga ta motsa. Ɗaya da nema. Da wannan ƙwallon Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu tikitin Rasha 2018.

Wannan fasin, a ganina, fasin ɗan tsakiya ne. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga kai kafin ya raba ƙwallo shi ne zai ga wanda ke shigowa ta baya a irin wannan gudun. Shekarunsa na lamba huɗu ba su tafi a banza ba, su ne suka sa lamba biyunsa ta bambanta da ta wasu. Daidai da hannun Jansen.

Amma ba zan yi muku daɗin baki ba. Karɓar sauyi ba ya nufin an ba ka takardar zama dindindin. A Rasha, Shehu ya fara wasan farko da Kuroshiya, aka ci mu biyu da nema. Wasa na biyu da Iceland, Rohr ya canza tsari, ya sa 'yan baya uku, Shehu ya koma benci. Wa aka ba gefen daman? Victor Moses. Kuma abin dariyar, shi ma Moses ɗin sauya masa gurbi aka yi.

Masoya Chelsea sun san wannan. An sayo Moses daga Wigan a 2012 a matsayin ɗan gaba ta gefe. Shekara uku a jere ana ba da shi aro: Liverpool, Stoke, West Ham. Kowa ya ɗauka zamansa ya ƙare. Antonio Conte ya zo a 2016, Arsenal ta lallasa su uku da nema a watan Satumba, ya sauya tsari, ya ce wa Moses gefen dama duka naka ne, ka kai hari ka kuma dawo ka tare. Aikin wahala, gudu ba hutu. Moses ya karɓa. Chelsea ta ci wasa 13 a jere, ta ɗauki Firimiya a 2017. Kuma a wasan Iceland ɗin nan, ƙwallon farko da Ahmed Musa ya ci, daga wannan gefen Moses ya kawo masa ita.

Shehu bai yi fushi ya ce ya bar ƙwallo ba. Yana cikin tawagar da ta zo ta uku a kofin Afirka a Masar a 2019. Ya buga wa Bursaspor ta Turkiyya, ya koma Cyprus ya ci gasar ƙasar da Omonia a 2021. A 2024 ya dawo Kano Pillars, shi da Ahmed Musa. Ku lissafa: fiye da shekara goma yana cin abinci da ƙwallo, ya je Olamfik, ya je kofin duniya, ya je kofin Afirka. Wani ɓangare babba na dalilin shi ne duk kocin da ya ɗauke shi ya san ya samu mutum ɗaya mai toshe gurbi biyu ko uku.

Na san akwai mai cewa, to Mikel fa? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kauce mata ba. A gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005 a Holan, Mikel lamba goma yake bugawa, kuma shi aka zaɓa na biyu a gwanayen gasar, bayan Messi. Ya je Chelsea a 2006, José Mourinho ya ja shi baya ya mayar da shi mai tare hanya. Ya ci Firimiya, ya ci Champions League a 2012, ya ci kofin Afirka a 2013. Amma har gobe akwai masu cewa an kashe mana magajin Okocha. Ni ba zan yanke hukunci ba, musun na da daɗi a majalisa. Abin da zan ce shi ne sauyi yana da farashi. Kana samun wani abu, kana ajiye wani. Don haka ba kowane "koma baya" ne alheri ba, dole a san yadda ake bambancewa.

Ga yadda nake ganin za ka gane, ƙanena ɗan ƙwallo. Idan koci ya ce ka sauya, tambaye shi cikin ladabi: Koci, mi ka gani a wurina? Idan ya ce maka na ga kana da gudu da numfashi amma gaban raga ƙafarka na rawa, ko na ga kana karanta wasa kafin ƙwallo ta zo, to wannan ya kalle ka da gaske, ka saurare shi. Idan amsar ita ce wane bai zo ba yau, to toshe rami ne, ka buga don ƙungiya amma kada ka ɗauka makomarka ke nan. Sannan ka ba sabon gurbin lokaci. Wasa biyu ba gwaji ba ne. Jansen da ake ganin nasa ya zo da sauri, sai da ya shafe kusan shekara yana koyo a ƙananan rukunai. Kuma ka yi shi da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da za ka koya a wata shida kana da shekara 17, zai ci maka shekaru idan ka kai 27.

Akwai wani yaro da na sani a Tsafe, ba zan faɗi sunansa ba. Dogo ne, yana da tsalle, ƙwallon sama ba ta wuce shi. Kocinsu ya yi ta fama da shi ya koma lamba biyar, shi kuwa ya ce tara ko ba komai. Abokai na zuga shi, wai koci baƙin ciki yake masa don yana so ya ba ɗan unguwarsu lambar. Aka zo tantance 'yan wasa a Gusau, ya shiga layin 'yan gaba, layin da ya fi kowane tsawo. Minti kaɗan aka ba shi, ƙwallo biyu ta zo masa, aka ce na gaba. Layin 'yan baya kuwa kowa sai da aka kalle shi da kyau, don ba su da yawa. Yanzu ko fili ba ya zuwa. Wallahi duk lokacin da na gan shi sai abin ya taɓa ni, don ƙwallonsa ba ta ƙare ba, tun farko ba a kai ga ganinta ba ne.

Kuma ku duba halin da muke ciki. Yaron Legas ko Kano, idan ya faɗi tantancewa yau, wata na nan zuwa wata mai kamawa. Mu nan fa? Hanyar Tsafe zuwa Gusau, ko Bunguɗu zuwa Gusau, tafiya ce 'yar gajera, amma kowa ya san akwai ranakun da uwa ba za ta bar ɗanta ya hau ta don wasan ƙwallo ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Masu neman 'yan wasa daga nesa ba kasafai suke shigowa ba. Dama a wurinmu sau ɗaya take leƙowa, wani lokaci sau biyu. Wanda damarsa ba ta da yawa, bai kamata ya ƙara rage ta da hannunsa don lambar da ke bayan riga ba.

Yanzu ga iyayen gidanmu masu horarwa, waɗanda ke tara yara a filayen unguwa ba albashi ba alawus, Allah ya saka muku da alheri. Roƙona biyu ne. Na farko, a daina mayar da baya da raga wurin horo. Muddin wanda ya yi laifi ko wanda bai iya ba ake turawa lamba biyu, to ba yaron da zai karɓe ta da zuciya ɗaya. Na biyu, idan za ku sauya wa yaro gurbi, ku ja shi gefe ku yi masa bayani, kada a yi shelarsa gaban abokansa. Ku nuna masa bidiyon ƙwallon Uyo a waya, yana nan a YouTube, ku ce masa ka ga wanga? Ɗan Sakkwato ne, daga tsakiya ya taho. Ƙanana kuma, 'yan shekara goma zuwa sha huɗu, a bar su su zagaya gurabe, yau gaba, gobe baya, jibi tsakiya. Ta haka ake gane inda kowa ya fi kyau, kuma ta haka Zamfara United za ta samu 'yan gida da za su cika kowane gurbi a filin Sardauna, ba 'yan gaba zalla ba.

Ga waɗanda ba 'yan ƙwallo ba kuma suka jure har nan, na san kun gane zancen ya shafe ku. Mu da muka gama jami'a muna yawo da takardu a ambulan, da yawanmu mun rubuta wa kanmu lamba tara: ofis, kujera, fanka. Wanda ya karanta lissafin kuɗi, idan ya shiga harkar hatsi a kasuwa, iliminsa na biye da shi, shi zai riƙe littafin da maƙwabcinsa ba ya iya riƙewa. Ba zan ja wannan ba, shiri ne guda mai zaman kansa, kuma za mu yi shi in sha Allahu.

Kafin nan ina so in ji daga gare ku. Wa aka taɓa sauya wa gurbi a cikinku, ya kuma kaya ta kasance? Masu horarwa, yaya kuke shawo kan yaron da ya kafe? Masoya Mikel da masoya Mourinho kuma, fili naku ne, amma don Allah ban da zagi. Ku tura wa duk wani ɗan ƙwallo da kuka san yana cikin wannan ruɗanin, musamman wanda ya yi fushi ya bar zuwa atisaye.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya buɗe mana hanyoyinmu, ya sa albarka a ƙafafun yaranmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.